Turke Na Uku

Katanga ɗaya ce tsakanin madafinmu da tsakar gidan Hajiya Salamatu a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, don haka ina tuƙin tuwo na ji komai. Jikanta Luqman ne ya shigo, ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

"...lafiya lau, amarya. Au, har yanzu kina nan? Ni da na ɗauko likkafani a bayan babur!"

"Sai na binne ka tukuna, mijin banza. Mijin da ko Hausa ba ta zauna masa a baki ba, sai yaren Sango kamar yaron mota."

"Bar wannan. Mahaman mai horar da dawaki yana Titin Koudoukou yana jirana. Dawakinsa uku, yana son hayar bargar marigayi. Nawa za a ce masa turke ɗaya a wata?"

Bargar tana bayan gidan. Tun shekarar rikici, da aka sayar da dawakin mijinta aka biya wa masu gudu zuwa Kamaru kuɗin mota, ba abin da ke kwana a cikinta sai ƙadangaru.

"Turke? Ni ba da turke nake ciniki ba, da ƙafa nake yi. Kowace ƙafa sefa dubu ashirin."

"Doki ɗaya dubu tamanin? Tsohuwa, otal kika buɗe?"

"Ban gama ba. Inuwar mangwaro daban. Haniniya daban, ta asuba ninki biyu. Ƙudajen da za su biyo su, su ma 'yan haya ne."

"To ke da kike minshari har a unguwar Yakité ana ji, wa kike biya?"

"Kakanka ya biya tun a sadaki. Kai me ka taɓa kawo min? Goro ɗaya, shi ma da tsutsa."

"Don haƙoranki biyu na zaɓo mai laushi. Ki ji, shi zai kawo ciyawarsa, shi zai sayi ruwansa, shi zai gyara rufin da ke yoyo. Takin ma ya ce naki ne, ki sayar wa masu lambu. Dubu goma sha biyar kowane turke. Duk Bangui ba mai ba ki haka."

"To ya kai su gidan mai ba shi."

Duk layin nan mun san abin da ke ƙasa. Kawun Luqman, Abdulgani, ya samar masa aiki a wani shago a Duwala ta Kamaru, an ce ƙarshen wata za a ba wani in bai je ba. Shi kuwa ya rantse ba zai tafi ba sai ya ga tana da abin sayen maganin hawan jini duk wata. 'Ya'yanta biyar da suka gudu lokacin rikicin, babu ko ɗaya da ya dawo.

"Mai gyaran babura ya zo neman bargar, kin ce ƙarar za ta kashe ki," in ji Luqman, muryarsa ta sauka. "Mai gawayi ya zo, kin ce baƙi. Yanzu dawaki ne, Kaka. Me ya rage ki ce?"

"Yau kuma ni ce Kaka? An sake ni ke nan."

"Ba ki ba ni amsa ba."

"Wace amsa? Ai lissafin na iya shi tun ba a haifi ubanka ba. Dubu arba'in da biyar, magani ya samu, maigida ya hau mota. Da araha ka sayar da ni, ɗan nema."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi ƙarko ba. Na ji ƙarar makullai, na leƙa ta saman katanga. Ta kwance makullin bargar daga bakin zaninta ta jefa masa a ƙirji.

"Tafi ka gaya masa. Sha biyar ɗin. Takin nawa ne, kada ya taɓa min ko ƙwara."

Ya tsaya yana juya makullin a hannu, ya kasa kallonta. Har ya kai bakin zaure ta biyo shi tana dafa bango.

"Turke biyu za ka ba shi. Doki na uku ya nemi wani wuri."

"Turke na ukun na waye?"

"Naka. Ranar da Duwala ta tofo ka, a can zan ɗaure ka. Kuma kai kyauta ne, ba ka kai a karɓi kuɗinka ba."