Baƙar Motar Baffa da Farar Rigar Alhaji Shehu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je Lambara nema wa Yaya Murtala aure ba. Kai, ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Bodinga ba za su bar ni ba. Har gobe in na zo wucewa ta majalisar bakin masallaci, sai wani ya tattare rigarsa ya ce, "Ku matsa, ga Injiniya nan tafe."

Ni mutum ne mai son mota. Ba ni da ita fa, ko taya ban mallaka ba, amma duk datar da ta shiga wayata a kallon masu goge mota take ƙarewa. Ba wanda ya koya mini. Da wayata mai fasasshen gilashi na yi karatuna, har na san man sheƙin mota iri biyu ne. Akwai na gwangwani, mai kauri kamar kakin zuma, wanda ƙyallinsa ya fi kyau amma ba ya son zafi. Akwai na kwalba, mai ruwa-ruwa, wanda yake kama fenti ya daɗe, shi ne ya dace da rana irin tamu. Na san wannan sarai! Na sha faɗa wa mutane, har waɗanda ba su tambaye ni ba (har mai shayin unguwarmu, wanda keke gare shi).

To, Yaya Murtala tela ne, mutum mai sanyin hali, ya daɗe yana neman wata yarinya Hadiza a Lambara. Waliyyinta shi ne Alhaji Shehu, babban ɗan kasuwar albasa, mutumin da ba a taɓa ganinsa da tufa ba sai fari. An ce ko ɗigon goro ya taɓa masa riga sai ya shiga gida ya sauya. Kuma bai ba da amsa ba tukuna, domin akwai wasu mutanen Mandera da su ma suke nema wa ɗansu. Abin da ya aiko mana da shi kawai shi ne: shi ba dukiya yake dubi ba, natsuwar gida yake dubi. Ku riƙe wannan kalmar, natsuwa. Za ta dawo.

Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu, shi zai jagoranci tafiyar tare da Malam Garba limamin unguwarmu, ni kuma direba. Motar Baffa tsohuwa ce baƙa, amma rana ta cinye ta har rufinta da ƙofofinta sun koma ruwan toka. Na ce wallahi ba za mu shiga gidan surukai da wannan ba. Na hau motar haya zuwa Sakkwato neman na kwalba. Na same shi kuwa, muka kalli juna ni da shi, aljihuna ya ce mu tafi. Sai na sayo na gwangwani.

A nan ne ilimi ya yi mini yawa. A bidiyo, shafa shi ake yi kaɗan-kaɗan, a bari ya bushe, sannan a goge shi tas da tsumma mai laushi. Sai na zauna na yi nazari. Na ce ai waɗannan mutanen ƙasar sanyi ne, ranarsu ko tumatir ba ta busarwa. Tamu kuwa in ka shafa mata kaɗan, kafin azahar ta lashe. Saboda haka a lafta da kauri, kuma kada a goge, rana ta ci na sama ta bar na ƙasa. (Na rantse muku a lokacin ji na yi na gano abin da duniya ba ta gano ba.) Sannan ga matsalar koɗewar fenti. Me zai mayar da baƙi? Baƙin man takalmi mana. Na juye shi da man sheƙin a tsohuwar tasar Inna, na dama kamar mai dama fura.

Ranar tafiyar, bayan sallar asuba, da ɗan sanyin nan, na bi motar na lafta mata, na lallaɓa da soso. Jama'a, ta yi kyau. Ta yi baƙi wuluk tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga rijiya.

Baffa ya fito ya zagaya ta, hannuwa a baya.

"Injiniya, wagga motata ta, ko takalmin soja?"

"Baffa, haɗina na kaina. Wata shida rana ba ta yi mai komi."

"To mi as sa take warin shushaina?"

"Ƙamshin inganci na, Baffa. Amma don Allah kada a taɓa, bai gama kamawa ba."

Ni na buɗe musu ƙofa da kaina, na riƙe hannun ƙofar da leda. Liman ya naɗe babbar rigarsa ya shiga a karkace kamar mai tsallake kwata, yana cewa, "Ikon Allah, yau mota ta fi mu alwala."

Lokacin bazara ne, an gama cirar albasa, zafin nan da ko ƙadangare ba ya son fitowa. Da muka isa ƙofar gidan Alhaji Shehu, ga wani ƙaton icen dogon yaro mai inuwa sosai. Wani dattijo ya yi mini nuni da hannu in shiga ƙarƙashi. Na ce a'a Baba, na gode, tsuntsaye za su ɓata ta. Gaskiyar magana kuwa, so nake a ga aikina. Na kai ta tsakiyar fili, inda rana ta fi ƙarfi, na kashe. Baffa ya karɓi makulli ya jefa aljihu (ɗabi'arsa ce, ko bayan gida zai shiga da shi yake shiga), suka wuce zaure.

Samarin unguwa suka taru. Ni kuwa abin nema ya samu, na buɗe makaranta. Na yi musu bayanin na gwangwani da na kwalba, na yi musu bayanin yadda rana take cin fenti, na ce wannan da suke gani, wata shida ko ruwa ko rana ba abin da zai fitar da shi. Wani ya ce, "Mi ad dalilin ɓawon albasa da yal liƙe ga bayanta?" Na ce wannan alama ce ta cewa yana kamawa.

Manya suka daɗe a ciki. Rana ta take. Can sai na lura ƙyallin ya sauya, motar kamar tana zufa. Ina kallo wani baƙin ɗigo ya gangaro daga hannun ƙofa, ya yi ɗis a kan yashi. Na faki ido na dangwala yatsa. Ya fito baƙi ƙirin, da ɗumi, kamar na tsoma shi a kwalta. Na cusa hannun a aljihu na goge a ciki. Na ce bari in mayar da ita inuwa. Makulli yana aljihun Baffa, Baffa yana cikin zaure yana neman aure. Wa zai leƙa?

Ina cikin wannan suka fito. Alhaji Shehu yana gaba, cikin farar shadda mai aiki, fari irin wanda yake sa mutum ya runtse ido. Kun dai san rakiyar manyanmu. Ba a ƙofar gida take ƙarewa ba, sai an kai baƙo har jikin motarsa, a nan kuma za a buɗe sabuwar hira. Aka yi maganar albasa da yadda take ruɓewa a ajiya, aka yi maganar damina, aka koma kan wani da suka yi makarantar dare tare. Ni dai na durƙusa gefe ina gaisuwa, ina roƙon Allah a rabu lafiya.

Baffa ya nuna ni. "Ƙanen yaron na."

"Madalla. Kai kag gyara motag ga haka?"

Kafin in buɗe baki, ɗaya daga cikin ɗalibaina ya karɓe: "Shi na, Baba! Ya ce wata shida abin ba ya hita, ko ruwa ko rana."

"To, Allah shi yi albarka. Liman, a yi muna addu'a."

Kowa ya ɗaga hannu. Ashe Alhaji yana fama da ciwon gwiwa, tsayuwa ta yi masa yawa. Ina durƙushe, hannuwana a sama, sai na ga ya ja da baya taku ɗaya. Ya ƙara ɗaya. Farar rigar nan tana matsowa kusa da ƙofar baya a hankali.

Ku gaya mini, me zan yi? Yaro kamata, a garin surukai, ya katse Liman a tsakiyar addu'a ya ce wa waliyyin amarya kada ya jingina? Ko in miƙe in riƙo shi? Na yi tari. Ba wanda ya kula. Na ce "Amin!" da ƙarfi, har Baffa ya harare ni ta tsakanin yatsunsa. Na ƙara tari, na zare ido, ina nuna motar da haɓa. Alhaji ya dube ni da tausayi, ya gyaɗa kai, sannan ya saki jiki gaba ɗaya ya jingina.

Malam Garba kuwa ranar ya samu wuri. Ya yi wa auren addu'a, ya yi wa damina, ya yi wa magabata, ya yi wa matafiya na tudu da na ruwa, ya yi wa ƙasa baki ɗaya. Duk "amin" ɗin da aka ce, sai in ga bayan Alhaji ya ƙara nutsewa. Har gyara tsayuwa ya yi, ya ɗan goga hagu da dama, irin na wanda ya samu wurin hutawa.

Aka shafa. Alhaji ya yunƙura zai miƙe, rigar ta ɗan riƙe shi, sannan ta saki da wata ƙara kamar an ɓare filasta.

A jikin ƙofar, zagayen aikin da ke bayan rigarsa ya fito raɗau, zare bayan zare, ko hoto bai kai shi ba. A bayan rigar kuwa, daga kafaɗa har ƙugu baƙi ne, ga siffar hannun ƙofa, ga ɓawon albasa guda a liƙe kamar lambar yabo.

Shi bai sani ba. Ya juya yana ba Liman hannu, bayansa ya fuskanci samarin nan. Ɗalibaina suka watse, kowa ya toshe baki ya nufi lungu. Baffa ya yi gyaran murya har sau nawa ban sani ba, sannan ya ce, "Alhaji, ranka shi daɗe... rigarka ta ɗan gaisa da mota."

Alhaji ya jawo bayan rigar ta kafaɗa, ya duba. Ya dubi ƙofar. Ya dube ni. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

"Wata shida anka ce ko?"

"A... a jikin mota nike nuhi, Baba."

Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ku sauka lahiya. Za ku ji ni." Ya shige gida da baya-baya.

A hanya ina hango kafaɗun Liman a madubi suna rawa, yana danne dariya. Sai da muka kusa gida Baffa ya ce, "Injiniya, tuƙa sannu, kada sauran ingancin shi zube ga hanya."

Yaya Murtala da ya ji labari, sai ya tsayar da keken ɗinki ya dube ni. "Takalmi nawa nik kashe ina zuwa Lambara, kai kuma ka gama da ni da gwangwani guda. Natsuwa mutumen nan yac ce, natsuwa!" Daga ranar ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Ni kuma na wuni ina kankare mota da kananzir da garin sabulu. Kwanaki suka yi ta wucewa shiru, har muka ji ƙishin-ƙishin mutanen Mandera sun sake komawa. Na rame, wallahi. Ko bidiyon mota na daina kallo.

Ran nan sai ga wani ƙunshi daga tasha, an ce a ba Baffa. Ya kira mu ni da Yaya, ya kwance: rigar ce. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Isa, sa ni ga lasifika, yaron nan shi ji." Muryar Alhaji Shehu ce. "Injiniya, kana nan? Rigag ga ta tai wurin wanki, ta dawo, ta koma, ta dawo. Ka yi gaskiya, abinka na da ƙarko."

Na ce, "Baba, a gahwarce ni."

"Na gan ka lokacin addu'a, kana tari kana hiddo ido, na zaci ciwo ag gare ka. Sai daga baya nig gane. Yaron da yag gwammace shi sha kunya da shi katse addu'ar manya, gidansu akwai tarbiyya. Hankali dai da saura. Na ba Murtala Hadiza."

Yaya ya zauna daɓas a ƙasa.

"Amma sharaɗi guda. Ranar ɗaurin aure, motag ga ta tsaya bakin gari. Rigar kuma na bar ma. Na ji an ce abin nan shahwawa aka yi a goge, kai ka shahwa ka mance da gogewa. Ga tsumma nan."

(Shadda ba ta da laushin da ake so, tana iya karce fenti. Bakina har ya buɗe zai yi wannan bayanin, Yaya ya taka mini ƙafa.)

Ban yanka ta ba. Tana nan cikin akwatina. An yi aure, Hadiza ta haihu, motar Baffa ta koma ruwan tokarta tuntuni, amma baƙin rigar nan ko gezau bai yi ba.

Don haka in kana neman man sheƙin da zai jure ranar Sakkwato, ka daure ka sayi na kwalba, ka shafa kaɗan a inuwa, ka goge tas, ka bar man takalmi ga takalmi. In kuma dattijo ya nuna maka gindin dogon yaro, ka shiga kawai. Kashin tsuntsu da ruwa yake fita.