Buhun da Ya Dawo Daga Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da buhuna ya tona min asiri. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Maraɗi, kuma kamar kowa a sana'ar nan, kowane buhuna da sunana ɓaro-ɓaro da jan fenti.

Kyanwoyi marasa gida ne suka addabe mu a Sabon Gari, har suka cinye min 'yan tantabaru. Na ɗana musu kan kifi, na kama huɗu, na cusa a buhu, na hau babur sai bakin garake, wato lambuna, a Jiratawa. Ina kwance igiyar bakin buhun suka taso min da yakushi, na bar musu buhun na ranta a na kare (ƙato da ni, har takalmi na bari). Na dawo ina ta cika baki wai na raba unguwa da annoba.

Ran Asabar ana ɗaurin auren ƙanwar matata a Tsibiri. Na sha babbar riga, na kame a sahun gaba, don a dangin nan ni ake kira mai natsuwa. Ana shafa fatiha sai ga Kawu Ilu, wan surukata, wanda ke noman garka a Jiratawa, da buhu a kafaɗa yana motsi. Ya dire shi a gabana, jan fentin na kallon jama'a.

"Ɗana, ga ajiyarka," ya ce a natse. "Kurciyoyin da ke sheƙa cikin mangwarona tun kana goye, mussoshinka sun gama da 'ya'yansu. Mi sunka yi maka?"

Na ce, "Kawu, na ɗauka daji ne."

"Daji? Can nike kwana." Sai ya zaro takalmina daga aljihu ya ɗora a kai.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Haka na ratsa taron da buhu yana kuka a bayana, ko goro ban tsaya karɓa ba.

Na kai su wurin likitan dabbobi aka yi musu aikin hana haihuwa. Yanzu a sitona suke, suna kama ɓeraye, ni ke sayen kifi. Na dai gane cewa inda duk ka kira daji, gidan wani ne. Nawa kuma aka yi rashin sa'a, na surukai ne, har yau Mai Mussoshi suke kirana.