Injin Ba Ya Tari, Yayana Ne Ke Yi

Jama'a, ku taya ni jaje. Wata rana a watan jiya, tun da hantsi nake layin mai, ina tura babur kamar mai rakiyar mara lafiya, har rana ta take tsaka. Saura mutum biyu a gabana, har na buɗe tanki ina murmushi, sai ga wata farar mota da jiniya ta kutso ta ƙofar fita, bayanta cike da jarkoki. Aka cika mata su fal, mai zuba mai ya rataye bututu ya ce mu dawo gobe. Ni kuwa magana ba ta kwana a cikina. Na matsa kusa da direban na tambaye shi wane babban mutum ne zai sha wannan uban mai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce na janaretan ofishinsu ne, Kwamitin Tausasa Hayaƙi, domin akwai wani inji a can da ba ya son zafi, kuma ba a yarda wuta ta ɗauke masa ko na ƙiftawar ido ba. Na ce mene ne aikin injin? Ya ce sigari yake sha.

Na ɗauka raina min hankali yake yi, ashe gaskiyarsa ce. Inji ne sukutum aka sayo daga nesa, aka ba shi ɗaki mai sanyi da mai gadi da mai goge masa ƙura. Ana maƙala masa karan sigari, ya zuƙa, a auna gubar da ta shiga cikinsa, sannan manya su fito su gaya mana ko za mu mutu ko da saura. Madalla da wannan hangen nesa. Ni da nake ɗan ƙasa na koma gida ina tura babur, shi da yake ɗan kwali yana can yana busa hayaƙi a cikin sanyi.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a wuya shi ne yayana. Duk unguwarmu Famfo ake kiransa, saboda sana'arsa sayar da balan-balan a ƙofar makaranta da bakin wurin wasan yara, kuma tun muna samari da baki yake hura su. A da, numfashi uku kacal, ka ga balan-balan ya kai kankana. Da wannan huhun ya ciyar da iyalinsa, da shi ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Aibinsa ɗaya, sigari. Matarsa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka, har ya kusa ajiyewa. Ana cikin haka sai Mai Girma Uban Albishir, shugaban wancan kwamiti, ya fito a rediyo ya ce an yi wa sigari gyaran fuska. Sabuwar siririya ce, fara sol, da ƙamshin na'ana'a, kuma inji ya tabbatar gubarta ta ragu da fiye da rabi. Yaya ya shigo gida da kwalin yana ɗaga shi sama kamar takardar sallama daga asibiti, ya ce wa matarsa ta kwantar da hankalinta, hukuma ta yi magana. Tun daga ranar, mai shan kwali ɗaya ya koma biyu, wai ai rabi da rabi ne ke yin ɗaya.

Kwanakin baya aka aiko masa da aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Kwamitin zai yi bikin murnar nasarar da ya samu, ana son a ƙawata ƙofar shiga da rumfunan baƙi da balan-balan, kuma idan ya yi kyau, duk wani taro nasu shi za a riƙa kira. Ya zauna a tsakar gida da buhu guda, ya ɗauki na farko ya hura. Bai kai lemun zaƙi ba tari ya sarƙe shi, irin tarin da ke sa kaji su watse. Ya sake gwadawa, idonsa ya yi ja, ya jingina da bango yana haki. Na tsaya ina kallonsa ina tuna bakunan da yake ciyarwa, domin mutumin da iska ce jarinsa, ranar da ta ƙare masa ba shi da wata sana'a.

Tarin ne ya fito da Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke haya a ɗakin ƙarshe. Ta ce ya miƙo mata kara ɗaya. Ta sa reza ta tsaga takardar da ke naɗe da audugar gindin sigarin, ta ɗaga ta saitin rana ta ce mu leƙa. Gani ya kori ji: wasu 'yan huji ne a jere, ƙanana kamar tsinin allura. Ta ce nan duk dabarar take. Shi inji bakin karan kawai yake kamawa, ya zuƙa a hankali daidai yadda aka saita shi, iska ta shiga ta hujin ta tsinka hayaƙin, sai awo ya nuna guba kaɗan. Daga nan ta ce wa Yaya ya riƙe sigarin yadda ya saba. Ya riƙe. Yatsunsa biyu da leɓensa suka zauna daram a kan hujin.

"Ka gani ko, Baban yara?" in ji ta. "Inji ba shi da yatsu, ba shi da leɓe, kuma ba ya jin ƙwaɗayi. Kai kuwa ka toshe hujin. In ma ba ka toshe ba, jikinka bai samu abin da ya saba ba, sai ka ja da ƙarfi, ka kai hayaƙin can ƙasan huhu inda bai saba zuwa ba."

Na ce to ita na'ana'ar fa, ba magani ba ce? Ta yi dariya ta ce aikinta ta sanyaya maƙogwaro don kada ya yi ƙorafi, kamar a ba mai gadi shayi ɓarawo ya wuce. Siranta da farin kwali kuwa kwalliya ce. Guba tana nan yadda take, ladabi kawai aka koya mata. Matar Yaya ta harare ni ta ce ni da nake cika mata kunne da cewa a bar shi tunda mai sauƙi ce, yanzu sai in buɗe baki in yi aiki. Na ce ranki ya daɗe, ai bakin nawa a buɗe yake kullum, ta ce shi ya sa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tela ya rufe shago, mai aski ya ajiye almakashi, mai gyaran rediyo ya zo, har da tsohon ɗan dambe na bayan layi da ke cika baki, wanda ya fara ganin jiri kafin kowa. Muka wuni muna hurawa, Yaya yana ɗaurewa yana jerawa a igiya, ba ya ko ɗaga ido ya kalle mu. Kumatuna har yau ciwo suke yi.

Ranar biki muka je cikin wankakkun kaya. An fito da injin a kan tebur, an yafa masa ƙyalle, Mai Girma Uban Albishir ya rataya masa lambar yabo ta haƙuri da riƙon amana, aka tafa. Ya yi jawabi ya ce a ƙarƙashin jagorancinsa hayaƙi ya zama ɗan'uwan iska. Ana wata ga wata: wani ɗan kanzagi ya raɗa masa cewa mai balan-balan ɗin nan ma sabuwar sigarin yake sha. Nan take fuskar Mai Girma ta washe, ya ce a hawo da shi.

"Jama'a, ga shaida mai rai," in ji shi. "Wannan bawan Allah sigarinmu mai sauƙi yake sha, kuma duk abin da kuke gani a sama da huhunsa ya hura. Malam, nuna musu."

Aka miƙa wa Yaya jan balan-balan, aka kanga masa lasifika a baki, masu ɗaukar hoto suka durƙusa. Na so ƙasa ta tsage in shige a madadinsa. Ya ja numfashi, ya hura, abin ya ɗan motsa ya kai ƙwan kaza. Sai tari ya zo. Manyan lasifikoki huɗu na filin taron suka ɗauka suka watsa har bakin titi, tari kan tari, ba mai tafi, ba mai motsi. Mai gabatarwa ya yi wuf ya ce matsala ce daga na'ura, makaɗa su taimaka. Da Yaya ya samu kansa, ya share ido, ya ajiye balan-balan ɗin a kan teburin Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, ba ni na hura su ba, maƙwabtana ne. Ni nawa ke nan."

Washegari wata takardar kwamitin ta ce taro ya tashi lafiya cikin sowa. Aikin da aka yi wa Yaya alkawari kuwa, ko a mafarki. A hanyarmu ta komawa gida ranar bikin, da muka kai bakin kwata, ya zaro kwalin daga aljihu ya jefa, ya ce in na sake kiran wani abu mai sauƙi a gabansa zai manta uwa ɗaya ta haife mu. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaina.

Sista ta kai shi asibiti, an ba shi magani, an gaya masa gaskiya: abin da ya lalace ba duka zai dawo ba, amma abin da ya rage zai iya tsira in bai koma ba. Mai gyaran keke ya ba shi aron famfo na gaske, da shi yake fita sana'a yanzu, yara na tsokanarsa wai Famfo ya yi ƙane. Fushi yake yi da kowa, ya cinye duk alewar gidan, amma bai kunna ko kara ɗaya ba.

Matarsa ta fito da nata awon. Kowace safiya sai ta miƙa masa balan-balan ɗaya ya hura da numfashi guda, ta ɗaure, ta rataya a igiyar shanya kusa da na jiya. Ɗazu ya ja ni ya nuna min layin yana murmushi, wai in duba daga lemun tsami har ya kai lemun zaƙi. Na yi masa barka da zuciya ɗaya, domin ƙaruwar akwai ta. Sai dai na lura na farko-farkon sun sace da kansu saboda daɗewa, shi ya sa na yau ya fi kama ido. Na buɗe baki zan faɗa, matarsa ta taka min ƙafa. Na haɗiye maganar. A cikin duk alƙaluman da aka taɓa gyarawa a gabana, wannan ne kaɗai aka gyara don mutum ya rayu.