Gidan Sauron Karena

Duk Gaya babu mai dabarata, a je tasha a tambaya. Da likitan dabbobi ya ce sauro ke sa wa kare tsutsa a zuciya, in riƙa ba karena mai gadin tumakina ƙwaya duk wata, sai na yi dariya. Ƙwayar me? Na kafa wa karen gidan sauro, na danne gefe da duwatsu.

Da safe na tarar da shi yana minshari, ragon layyata kuwa ɓarayi sun tsallaka kogi da shi. Mutanen banza, maimakon jaje sai suka zo kallo! Har Hajiya, matar da nake ciyarwa, ta leƙa ta ce: "Alhaji, saura ka kunna masa fanka."