Aron Rigar Labo

"Lahiya lau, amarya. Mi ya koro ki Tajaye ana cikin lakwal, makaranta ba ta yi hutu ba?"

Tsoho Labo ke nan yake amsa gaisuwar jikarsa Tsahara, sabuwar malamar Ingilishi a Badagishiri. Jibi ansipekta zai zauna a ajinta, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a tabbatar da ita a aiki ko a sallame ta. Littafinta ko hoto ɗaya babu, shi ya sa duk kalmar da za ta koyar sai ta nemo abin ta ɗaga wa yara. Tun isowarta idonta na kan rigar tsohon, wadda ko akuya ba za ta tauna ba.

"Aron rigag ga na zo, angona."

"Ashe kin san kaya! Biki za ki?"

"Aji za ni. Akwai wata kalma, shabby. Abin da ya koɗe, ya sha jiki, ya kusa zama tsumma. Ana hwaɗinta ga tufa, ga ɗaki, har ga mutum. Na zagaye kasuwa kaf, ban ga wadda ta kai taka ba."

"Ja'ira! Rigar da na gaida kumandan na zamanin Nasara da ita?"

"Shi ya sa ya bar ƙasar."

"Ke da munka samu ranar suna awa ɓera cikin zane!"

"Ɓeran ma ya ƙi rigag ga. Kaka, don Allah. In yara sunka yi shiru gaban ansipekta jibi, aikina ya tahi."

Labo ya shafa wuyan rigar.

"Ƙirga facin."

"Sha bakwai."

"Duka kakarki Kande ta yi su. Wanga na kafaɗa, tana kwance ta ɗinka shi, sati guda kahin ta cika."

Tsahara ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta. Shekara uku da rasuwar kakarta, ba ta taɓa tambaya ba.

"Na fasa, Kaka."

"Kin fasa? Amaryata ta faɗi gaban baƙo? Rigar dai ba ta kwana inda ba ni. Nemo amalanke, tare za mu."

"Kai da kanka za ka tsaya gaban allo?"

Ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ba ke kika ce har mutum ake hwaɗa ma ba? Ki nuna riga, ki nuna tsoho. Amma in kin ƙare, ki hwaɗa musu sunan mai ɗinkin."