Ranar Da Na Ja Motoci Biyar Zuwa Jana'izar Wanda Ban Sani Ba

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ta watan Afrilu ba. Ko na so in manta, matan zumuntarmu ba za su bari ba.

Maigidana, Allah ya ba shi hutawa, shi ne yake fita da mu shan iska kowace shekara. Da zarar sanyi ya tafi, itatuwan Greensboro sun yi fure, ƙurar furen nan ruwan ɗorawa ta rufe motoci, sai ya miƙe a coci bayan sujada ya ce, "Asabar mai zuwa, tafki." Tafkin yana kudu, gaba da Pleasant Garden. Shi ne a gaba, sauran motoci a bayansa, kowa ya kunna fitila don kada a rabu. Ba ya duba taswirar waya. Yakan ce hanya a kai take.

Ya rasu a watan Mayu. Da Afrilu ya zagayo, aka gama sujada, ba wanda ya miƙe. Sai na miƙe.

Akwai dalili. Ɗana Ishaya, da yake aiki a Charlotte, ya matsa in sayar da motar babansa in koma wurinsa. A cewarsa tuƙina bai wuce coci da kanti da wurin aiki ba, kuma ba ya samun natsuwa ina zaune ni kaɗai. Ni kuwa gidan nan da motar nan su ne suka rage mini. Na ce a raina, bari in ja mutane har tafki in dawo da su a gaban idonsa, magana ta ƙare.

(Abin da ban gaya wa kowa ba: shekara tara ana wannan tafiya, kuma kowace shekara kafin mu fita gari barci ya ɗauke ni. Na san tafkin sarai. Hanyarsa ce ban taɓa gani ba.)

Muka tashi motoci biyar. Mu mata mun yi anko, atamfa ruwan lemo mai hasken da ake hangowa daga nesa. A gefena Mama Rifkatu ce, dattijuwar da ta zo daga Kafanchan wankan jegon 'yarta, wata biyu ke nan, ta rungume kular shinkafa a cinya don ba ta yarda a saka ta a but ɗin mota ba. Ishaya yana motar ƙarshe. Ya ce in saka wurin a waya, na ce babansa bai taɓa yi ba. Na kashe ƙarar wayar ma, na jefa ta jaka.

Har muka wuce Pleasant Garden lafiya lau. Sai muka iso wata mararraba, na tsaya, dama gonaki, hagu gonaki. Ban san ta inda zan bi ba. Ina cikin addu'a a zuci sai ga jerin motoci suna wucewa a hankali, duk fitilunsu a kunne, irin yadda muka yi. Na ce to, a ranar Asabar da rana irin wannan, ina mutane za su je a jere in ba tafki ba? Wani ɗan sanda da ke tsaye a tsakiyar titi ya dubi fitilunmu, ya yi mini hannu in shiga. Na shiga. Motocinmu huɗu suka biyo ni.

Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na wannan lokacin ba. Motocin da ke tahowa daga gaba suna gangarawa gefen titi suna tsayawa. Muka iso jar danja, wani ɗan sandan ya ce mu wuce. Wani tsoho da ke yankan ciyawa a ƙofar gidansa ya kashe injin, ya cire hula ya ɗora a ƙirji.

"Kai, Turawan ƙauye akwai ladabi," in ji Mama Rifkatu. Ta ɗaga masa hannu. Ni ma na ɗaga.

(Za a ce ai ya kamata in gane, tunda an yi wa nawa mijin irin wannan rakiya. An yi. Amma ranar ban ɗaga kaina daga cinyata ba har muka isa.)

Daga baya na ga kira goma sha ɗaya a wayata. Na baya duk sun gane tun daga mararraba, sai dai ba damar fita, don wasu motocin makoki sun biyo bayansu, ɗan sanda kuma a ƙarshe.

Ban farga ba sai da muka shige wata ƙofar ƙarfe, na ga duwatsu a jere cikin ciyawa, kowanne da suna. Hanyar siririya ce, ba wurin juyawa. Wani mutum cikin baƙar kwat ya nuna mini inda zan tsaya, ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya ce yana taya mu baƙin ciki. Mama Rifkatu ta fito da kularta, ta duba gabas ta duba yamma.

"Maman Ishaya, ina ruwan?"

Ishaya ya iso da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa. "Mama, it's a funeral. Ba mu da hanyar fita sai sun gama." Aka ƙwace ƙwallo daga hannun yaran da muka zo da su. Muka tsaya can baya, mata goma sha biyu cikin ruwan lemo, a bayan mutane masu baƙaƙen kaya. Wasu suka juyo suna jira, ina jin sun ɗauka mawaƙa ne aka gayyato.

Na yi niyyar in tsaya shiru a gama. Amma da fastonsu ya fara karatu, na hango matar mamacin a kujerar gaba, farar tsohuwa 'yar ƙarama, tana ta gyara hannun rigarta. Haka na yi ta yi da nawa mayafin a ranar tawa. Wata goma sha ɗaya mutane suna yabona da dauriya. Nan dauriyar ta ƙare. Na yi kuka irin na gida, mai sauti, har faston ya dakata. Matar mamacin ba ta yi rabin nawa ba.

Mama Rifkatu ta mintsine ni. "Ke, rage murya. Kallon da suke miki, cewa za su yi wani abu ne tsakaninki da marigayin."

Na buɗe ido. Gaskiya ta faɗa. 'Ya'yan mamacin suna dubana, suna duban uwarsu.

Da aka gama, tsohuwar ta tako har inda nake, ta tambaye ni a hankali a ina na san mijinta. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata, ga shi ma a wurin da ya dace muke. Na ce, "Ban san shi ba. Tafki muke nema. Nawa mijin ne ya san hanya."

Ta dube ni. Sai ta kama hannuna ta matse, ta ce tafkin yana bayanmu, mun baro shi tun mararraba, hagu ya kamata mu bi. Ta ce mijinta a can yake kamun kifi, kuma da ya ji daɗi da ya ga yawan mutanen da suka zo masa. Mama Rifkatu ba ta jin Turanci, amma ta ga ana gaisuwar mutuwa, kuma a wurinta ba a zuwa gaisuwa hannu rabbana. Ta miƙa wa babban ɗan mamacin kular shinkafar. Ya karɓa da hannu biyu. Abincin ranarmu ke nan ya tafi.

A bakin mota Ishaya ya tsaya a gabana. Na san abin da ya zo karɓa. Na miƙa masa makullin. Ya juya shi a hannu, idonsa ja wur.

"Mama, kin san Baba every year sai ya ɓata? Yakan tsaya gidan mai ya yi tambaya, ya ce kada mu tashe ki."

Ya mayar mini da makullin. Ya karɓi wayata, ya saka wurin, ya kafa ta a gabana. Muka isa tafki ƙarfe uku, muka ci biredi da ruwan kwalba. Maganar Charlotte bai sake tayar da ita ba, sai dai duk Asabar yana kira ya tambaye ni wa muka binne yau.

Abin da na koya kaɗan ne. In ka ga duniya ta gangara gefe tana ba ka hanya, har ana cire maka hula, kada ka yi saurin ɗaga hannu. Tsaya ka tambaya wa ke kwance a motar gaba.