Ranar da na yi wa'azin sakaci

Ba na jin zan taɓa mantawa da kakar shekarar da Hadizata ta shiga iniversite. Damina ta yi kyau a Dakoro, hatsi ya cika rumbuna, shanu suka yi ƙiba har fatarsu na ƙyalli. In kaka ta yi albarka kun san abin da ke biyo baya, biki kan biki. A auren ɗiyar mai unguwa kusan dukanmu muka yanki zanen anko iri ɗaya, shuɗi mai zanen ganye, ragowar ɗinkin kuwa kowa ta mai da shi mayafin jariri. Kwanaki ne masu daɗi, in na tuna su har yanzu sai na ji ƙanshin sabuwar fura.

Hadiza doka take karantawa a Yamai. Kafin hutunta ya ƙare takan zauna gindin itacen bedi da hantsi tana bita da ƙarfi cikin Faransanci, ni ina ɓarar gujiya. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, amma kunnena ba ya ƙin abu. Ran nan na ce ta fassara mani.

Ta ce, "Inna, darasin sakaci ne. Duk wanda abu ke hannunsa, yaro ne, dabba ce, ko rami ya haƙa, wajibi ne ya kula da shi yadda mai hankali ke kula da gidansa. In ya yi sake wani ya cutu, shi zuju, wato alƙali, zai ɗora wa alhaki."

Na ce, "Ko bai yi da gangan ba?"

"Ko bai yi da gangan ba. Ba niyyarsa za a tambaya ba, kularsa za a tambaya."

Maganar nan ta shige ni. Na adana ta kamar sabon takalmi, ina jiran ranar sawa. (Ni da ko a gidan suna ba a jin muryata, ku duba ƙarfin hali.)

Ranar ta zo. Aka kira taron iyaye mata a lakwal ɗin unguwarmu, wato makarantar boko, saboda wani rami da magina suka bari bayan aji, ruwa ya taru ciki, yara na wasa a bakinsa. Ina shirin fita sai ga maƙwabciyata Rabi a guje, za ta kai uwar mijinta asibiti. Ta miƙo mani jaririyarta Nana tana barci, ta ce, "Yaya, riƙe mani ita zuwa la'asar." Ba ta ma tsaya jin amsa ba, don gidana ne ma'ajiyar yaran unguwa. Ba ni da shanu, ba ni da zinari, wannan yardar ita ce duk abin tinƙahona.

A lakwal an shimfiɗa tabarma cikin inuwa, masu goyo suna kwantar da yaransu. Na kwantar da Nana, na lulluɓe ta da mayafinta shuɗi. Da darakta, shugaban lakwal ɗin, ya fara cewa ramin ba shi ya haƙa ba, sai na ji ƙafafuna sun miƙe da kansu.

Na ce, "Mushe darakta, a yi mani aikin gafara. Yaran nan tun da suka shigo ƙofa, a hannunku suke. Doka ta ce ba niyya ake tambaya ba, kula ake tambaya. In ɗan wani ya faɗa ramin nan, 'ban sani ba' ba za ta fisshe ku gaban zuju ba."

Sai tafi ya ɓarke. Wata ta rangaɗa guɗa. Darakta ya cire tabarau ya ce gobe za a cike ramin. Mata suka kewaye ni, wannan ta ce, "Ashe uwar Hadiza zuju ce a ɓoye!" waccan ta ce in riƙa yi masu karatu. Kaina ya kumbura kamar ƙullin fanke. Ina magana, ina dariya, na sunkuya na ɗauki abin da ke cikin mayafi shuɗi na saɓa a baya na ɗaure. Na dai ji goyon ya ƙara nauyi, na ce a raina yaro mai barci haka yake.

Ina isa gida na tarar da Rabi ta dawo. Tun daga ƙofa na fara ba ta labarin yadda na ka da darakta. Ta kwance goyon, ta yaye mayafi. Ta ɗaga ƴar rigar, ta leƙa, ta dube ni.

"Yaya, mace na ba ki. Mi ya faru a hanya?"

Wani ƙaton yaro ne baƙi mai kumatu, ya buɗe ido yana kallonmu kamar mu muka zo gidansu ba sallama. Rabi ta dafe ƙirji ta ce, "Ina Nana?" Abin da ya faɗo mani a rai shi ne ramin nan, ga yarinya ta fara rarrafe.

Ko takalmi ban sa ba na yi waje. A bakin lungu muka yi kiciɓis da taro: Zali, wata yarinya da aka kawo aure daga Birnin Lalle, tana kuka ba ɗankwali, ɗan farinta ke nan ta kwantar a lakwal, ta je alwala ta dawo ba ta gan shi ba. Bayanta matan da suka yi mani tafi, da yaran lakwal, da darakta rungume da Nana tana tsotsar yatsa hankali kwance.

Aka yi musaya. Zali ta ƙanƙame ɗanta tana shinshinar kansa. Ni kuwa bakina ya suɓuce na ce, "Wallahi ban yi da gangan ba."

Darakta ya gyara tabarau, ya ce a hankali, "Hajiya, ɗazu wata malama ta koya mana cewa ba niyya ake tambaya ba."

Dariyar da aka yi har masu kabu-kabu sai da suka tsaya. Na so ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ranar na gane doka tana da daɗin faɗi in kan wani za ta faɗa, kuma mai goyon amana bai kamata ya tsaya karɓar tafi ba.

Na ɗauka shi ke nan, ba mai sake ba ni ko ɗan akuya. Washegari da safe na dama kunu na nufi gidan Zali ba da haƙuri. Ta karɓe ni fuska ba yabo ba fallasa, ta leƙa kwanon. Can ta ce, "Inna, tunda kin zo, riƙe mani shi in ɗauko ruwa." Na karɓe shi da hannu biyu, na zauna ƙasa a tsakar gida inda kowa ke ganina. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga tana tambayata yadda aka yi jiya, na ce ta bari sai uwarsa ta dawo, yanzu ina bakin aiki.